Kujerar Tsakiya

Shekara talatin da ɗaya muna zuwa kallon fim, ni da Eleuterio,
a tsohon gidan sinima da ke gindin tudun Valparaíso,
kullum kuma sai na bar kujera guda a tsakaninmu.
Nakan ɗora mata hulata.
Hular nan ta ga finafinai fiye da matata.

Ba wanda ya taɓa tambayata.
Amma amsar tana bakina tun asuba,
kamar ƙayar kifi da ta ƙi haɗiyuwa:
ni fa ba haka nake ba.
Na faɗa wa wanzami, na faɗa wa mai sayar da ƙanƙara,
na faɗa wa teku, ita da ba ruwanta.

Ran da samari biyu suka ratso kasuwar kifi
hannu cikin hannu, suna tayin farashin kaguwa,
ni na fara tofar da yawu.
Muryata ta fi ta tsuntsayen teku.
Aka yi dariya, na ƙirga masu dariyar ɗaya bayan ɗaya
kamar mai ƙirga canji,
na ga kuɗina sun cika, na tsira yau ma.

Doña Griselda, mai fere kifi a teburin kusa,
ba ta ko ɗaga kai ba.
Ta ce, Nibaldo, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.
Na kwana uku ban gaishe ta ba.

To, na lalube aljihun.
Da dare, ni kaɗai, fitila a kashe.
Ban sani ba ko kaza ce.
Abin da hannuna ya taɓo yaro ne ɗan shekara shida,
riƙe da kofin shayi, ƙaramin yatsansa a sama,
da tafin hannun ubana yana saukowa.
Kofin bai fashe ba.
Ya ce, namiji ba ya riƙe kofi haka.
Daga ranar na ɗauki maigadi aiki a cikin ƙirjina,
ba albashi, ba hutu,
yana duba yadda nake zama, yadda nake ɗaga murya,
da tsawon daƙiƙar da idona ya yi a fuskar wani.

Wanda maciji ya sara, tsumma ma abin gudu ne.
Su samarin nan ba su yi mini komai ba.
Tafiya kawai suke ba maigadi,
abin da ya ƙona ni ke nan.

A watan Yuli, cikin ruwa da sanyi,
Eleuterio ya kwanta a asibitin kan tudu,
huhunsa ya zama tsohuwar koma.
Ya miƙo mini hannu daga ƙarƙashin bargo.
Akwai ma'aikacin jinya a bakin ƙofa, yana rubutu,
ko kallonmu bai yi ba.
Na sa hannuna a aljihu.
Na ce, ka ji yadda wasan jiya ya ƙare?
Ya ce ya ji. Ya mayar da hannun a hankali,
kamar mai ajiye abin da aka ce ba a saye.

Bai kai Lahadi ba.

Yanzu jikana Amaro yana zuwa shan shayi da yamma.
Shekararsa bakwai, ga giɓi, ga surutu.
Jiya ya ɗauki kofi, ƙaramin yatsa ya miƙe,
na ji maigadin ya tashi tsaye,
na ji hannun ubana ya shigo cikin hannuna, da nauyinsa duka.
Na danne shi a ƙarƙashin cinyata
har ya yi sanyi.
Amaro ya ce, Kaka, me ya sa kake zaune a kan hannunka?
Na ce, sha shayinka, zai huce.

Ranar Laraba na koma sinima.
Kujeru uku a jere, ni a gefe.
Hular na riƙe ta a gwiwa har aka kunna fitilu,
ban san inda zan ajiye ta ba.